Hema da Lendu: wa ya raba su haka?

Ɗalibar tarihi:
Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan ina karatu a kan rikicin Ituri, a arewa maso gabashin Kwango, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Duk inda na duba zancen ɗaya ne: Hema makiyaya ne masu wayo da son mulki, Lendu manoma ne masu zafin kai, wai gabarsu tun kaka da kakanni take. Sai ga shi na tarar Hema na arewa, waɗanda ake kira Gegere, yaren Lendu suke yi a cikin gidajensu, ga auratayya tsakaninsu. Mutumin da kuke gaisawa da harshe ɗaya, yaushe ya zama bare? Don Allah a warware mini.

Tsohon malami:
Wa'alaikumussalam, 'yata. Saɓani a kan gona da kiwo ya girmi zuwan Turawa, kada mu jibga wa 'yan mulkin mallakar Beljiyam komai. Amma su suka ɗauki Hema a matsayin waɗanda aka haifa don shugabanci, makarantar mishan da aikin ofis suka fi karkata gare su. Da Mobutu, shugaban ƙasar a lokacin, ya karɓe gandayen Turawa a 1973, masu ilimi da hanya ne suka sami takardun mallaka. Sai ka ga manomi yana huɗa a gonar kakansa, bai san tuni an yi mata rajista da sunan wani ba. A kan irin wannan wuta ta tashi a yankin Djugu na Ituri a 1999.

Mai bibiyar labarai:
A ƙara da sojojin Uganda da zinariyar garin Mongbwalu. Ba sandar kiwo da fartanya ne suka ci rayuka sama da 50,000 ba.

Ɗalibar tarihi:
Na gode, Baba. Batun takardar nan ya fi komai taɓa ni. Kotun duniya da ke Hague ta yanke wa Thomas Lubanga, madugun mayaƙan Hema, shekara 14 a 2012, ta kuma kama Germain Katanga na ɓangaren Lendu da laifi a 2014 saboda harin ƙauyen Bogoro, kowane ɓangare an taɓa nasa. Duk da haka kisa ya dawo a ƙarshen 2017. A Fabrairun 2022 'yan CODECO, ƙungiyar mayaƙan Lendu, suka bi mutanen da suka riga suka bar gidajensu har sansanin Plaine Savo, cikin dare, da adduna. Ni a ganina an hukunta masu bindiga, gonar kuwa ba a taɓa zama a kanta da gaske ba. Idan za a auna iyaka gobe, Baba, takardar za a bi, ko shaidar dattawan da suka san inda kabarin kakan kowa yake?