Ƙwararren mai hoto ko yaron unguwa? Ina neman shawara

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum. Bikin ƙanwata saura wata biyu, a nan Kano. Akwai kamu, ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, sai dina da dare. Wani yaro mai kyamara zai yi mana da araha, shi kuwa wanda ya daɗe a sana'ar kuɗinsa da nauyi. Don Allah masu sani, ina bambancin yake?

Baban Khalifa:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bambancin yana fitowa ne a wurin da ba a cewa a sake. Ɗaurin aure 'yan mintuna ne: wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa fatiha, kowa ya miƙe. Wanda ya saba tun da wuri yake zuwa, ya tambayi wane ne waliyyi, ya kama wuri kusa da liman kafin cunkoso. Sabon shiga kuwa ƙeyar mutane da hulunansu zai kawo miki.

Sai maganar farar shadda a rana tsaka. Idan aka bar kyamara ta zaɓi haske da kanta, farin yana ruɗa ta, sai ta rage, fuskokin mutane su yi duhu. In mai hoton ya ƙara hasken da yawa, aikin wuyan babbar riga ya wanke, ba a ganin zare ko ɗaya. Gwani zai janye su inuwa, ya cika fuska da ɗan filasha, kuma a RAW yake ɗauka, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta matse ba, domin ya samu damar gyara daga baya.

Abu Hanan:
Hajiya, ki tambaye shi kayan aikinsa kafin ki ba da ko sisi. Kyamara biyu yake da su? Idan ɗaya ta tsaya a tsakiyar kamu, shi ke nan. Ya fi kyau kyamarar ta zama mai cin katin memori biyu, kowane hoto na sauka a duka biyun, don kati yana lalacewa ba sallama. Batir aƙalla uku cike da caji, kada ya dogara da wutar wurin taro. Madubin gaban kyamara (lens) kuma, mai lamba 24-70mm da ke iya kama wuri da faɗi na taron dangi ne, mai 85mm da ke jawo abu kusa na fuskar amarya.

Dina ce ke tona asirin mai hoto. Fitilun nan shuɗi da ja suna ɓata kwalliyar da aka ɓata awanni ana yi. Dole ya zo da nasa hasken, kuma lokacin rawa da liƙi saurin ɗauka ya kai kamar 1/200, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyu na daƙiƙa, in ba haka ba hannaye da mayafi duk su yi dishi-dishi. A daren nan ya kwafe hotunan wuri biyu.

Maman Ilham:
'Yar'uwa, kada hotuna goman da ya zaɓa ya sa a Instagram su ruɗe ki. Ki ce ya nuna miki biki guda daga farko har ƙarshe. Ku rubuta yarjejeniya: awa nawa, hoto nawa zai gyara, ranar da zai kawo, sannan a riƙe wani kaso na kuɗin sai aiki ya zo hannu. A rubuta ƙarara cewa ba zai yaɗa hoton amarya ba sai da izininku, wannan na da muhimmanci ƙwarai. Kamu taron mata ne, ki tambaya ko yana aiki da mace mai ɗaukar hoto. Ki kuma haɗa shi da wata 'yar gida da ta san gwaggo da inna da kaka, ta riƙa nuna masa su. In kuɗin ya yi yawa, a ba ƙwararren ɗaurin aure da dina kawai.