Neman shawara kan ɓacewar hanya a kurmin Chappal Waddi

Assalamu alaikum. Sau biyu ke nan muna yunƙurin kaiwa ƙololuwar Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, dutsen da tsayinsa ya kai mita 2,419, amma kurmin da ke gangarensa, inda babu turba ko ɗaya, yana mayar da mu baya. Na sauke taswira a wayata tun daga gida, sai dai da zarar mun shiga ƙarƙashin dogayen itatuwa, ɗigon da ke nuna inda muke yakan yi ta tsalle daga wannan kwari zuwa wancan. Mun ɗaura jajayen ƙyallaye a rassa, amma da gajimare ya sauko, ko na bayanmu ba mu iya hangowa ba. Wace dabara ce za ta riƙe mana alƙibla a irin wannan kurmi?