"Suna linzami": har a ƙasar Uzbek ma haka ne?

Ɗan Kurmi: Jama'a, jiya a wajen raɗin suna liman ya ce "suna linzami", muna fita gardama ta kaure tsakanina da ƙanena mai karatu a Tashkent, babban birnin Uzbekistan. Ya ce can masu sunan dangi Tursunov ba sa ƙirguwa. A Uzbekanci tursun na nufin "ya tsaya, ya zauna", ana raɗa wa yaron da yayyensa suka yi ta rasuwa. Wutsiyar -ov kuwa daga Rashanci ta shigo. Shi ya ce addu'a ce kawai, ni na ce linzami ne aka sa wa yaro kada ya bi 'yan uwansa. Wa ya fi gaskiya?

Na-Zaure: Linzamin kira ne fa. Ambaci sunan mutum a tsakiyar kasuwa ka ga ya waiwayo. Iyakarta ke nan.

Uwar Biyu: Haba Malam, ai wannan wabi ne tsagwaronsa! Kakata Ajuji ce. Uwarta ta binne huɗu, ba wanda ya kai yaye. Ita ana haihuwarta ungozoma ta ɗora ta a faifai, ta kai juji bayan gida ta ajiye, maƙwabciya ta je ta "tsinto" ta. Wai don mutuwa ta ga ba a damu da ita ba. Matar nan ta haifi tara, ta ga tattaɓa-kunne, goro ba ya barin bakinta. In muka ce Ajuji ba daɗin ji, sai ta ce masu suna mai daɗin suna ina?

Ɗan Kurmi: Allah ya jiƙan Iya. Su lallashin yaro suke, mu nuna halin ko-in-kula muke.

Uwar Biyu: Muna lallashi mana, ina ka bar Barmani?

Bazazzagi: Akwai wani namu da Tursun ya dace da shi. Tun ina firamare yake kan kujera. Tazarce da Uzbekanci ke nan 😂

Malamin Tarihi: Tajikawa, mutanen Tajikistan, kuma Tursunzoda suke cewa, zoda wato ɗan wane. Har gari suka sa wa sunan mawaƙinsu Mirzo Tursunzoda. A 2007 shugabansu ya datse -ov, daga Rahmonov ya koma Rahmon.

Bazazzagi: Namu ba suna suke canzawa ba, hula ce da jam'iyya.

Na-Zaure: To Aminu nawa suka cinye amana? Linzamin ya tsinke ne?

Uwar Biyu: Dokin ne ba ya ji. Wai Ɗan Kurmi, me aka sa wa jaririn ma?