Neman kalma: gwajin juriyar numfashi da ake yi da hannu

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. An ba ni takardar neman amincewar marasa lafiya in mayar da ita Hausa kafin ranar Alhamis, kuma kalmomi biyu sun kakare mini. Gwaji ne da ake yi wa waɗanda ba sa iya gudu ko taka keke, kamar masu raunin laka da waɗanda shan inna ya taɓa wa ƙafafu. Mutum zai zauna ya riƙe mariƙa biyu yana juya su kamar sau 50 zuwa 60 a minti, ana ƙara musu nauyi kaɗan-kaɗan, da takunkumi a fuskarsa mai auna oksijin da jikinsa ke sha, har ya gaza. Ina neman sunan na'urar da Turawa ke kira agomita, da kuma sunan adadin oksijin mafi girma da ake samu.

Likitan Gashi: Wa alaikumus salam. Mu a ɗakin gashin ƙashi keken hannu muke cewa, kuma ban taɓa ganin majinyacin da ya nemi ƙarin bayani ba, domin kowa ya san keken da guragu ke tuƙawa da hannu a titi. Bambancin kawai wannan a kafe yake.

Malamin Hausa: Likita, keke abin hawa ne da ke zuwa wani wuri, wannan kuwa ma'auni ne. Ni na fi son ma'aunin wani, daga wana, kamar yadda direba ke wana sitiyari. Keke ma ai daga bakin Yarbawa muka aro shi, kuma bai kamata harshe mai girma irin namu ya dinga bara yana da abinsa a rumbu ba.

Likitan Gashi: Allah ya gafarta Malam, sitiyarin da ka kafa hujja da shi fa? Kuma idan aka rubuta ma'aunin wani ba tare da alamar tsawo ba, mai karatu zai ɗauka na wani mutum ne daban.

Malamin Hausa: Wannan laifin rubutun boko ne, ba na kalmar ba.

'Yar Damagaram: A wajenmu da sunan Faransanci ake kiransa a asibiti, amma keken hannu zai shiga kunnen mutanenmu. Ni abin da ya fi damuna kalma ta biyu ce. Kada a rubuta iyakar oksijin. Tsokar hannu ba ta kai ta cinya girma ba, don haka kafaɗa kan gaji tun zuciya da huhu ba su ƙure ba, kuma wanda bai saba ba yakan kai kusan kashi 70 cikin 100 ne kawai na abin da zai kai da ƙafa. Ƙololuwa ta fi dacewa, wato inda ya kai a wannan gwajin, ba inda ƙarfinsa ya ƙare ba.

Malamin Hausa: Hajiya, ƙololuwa da iyaka ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wanda ya kai ƙololuwar dutse ina kuma zai hau?

'Yar Damagaram: Zai sauko ya hau wanda ya fi shi tsawo, Malam. Wanda ya kai iyaka shi ne ba shi da gaba.

Mai Fassara: Na gode muku duka. Zan rubuta keken hannu na gwaji, da ƙololuwar shan oksijin, in kuma bayyana cewa ana lissafa ta da mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a minti.

Malamin Hausa: Ƙololuwa na bar muku ita, tunda Hajiya ta kawo dalili. Keken hannu kuwa a rubuta saboda Alhamis ta matso, amma ban janye ma'aunin wani ba.