Shahon sarari da shahon kwanto: neman suna ga shahunan birni

'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan kalmomin Turanci biyu, falcon da hawk, waɗanda muka saba fassara su duka da shaho, alhali tsuntsaye ne iri biyu, kuma dukkansu sun zama mazauna manyan birane.

Na farkon fiffikensa dogo ne mai tsini, a sararin sama yake farauta, kuma da baki yake ƙarasa abin da ya kama. Ba ya gina sheƙa, sau da yawa a gefen dogon dutse yake ƙwai, shi ya sa dogayen benaye da hasumiyoyin coci suka yi masa daidai. Irinsa da ake kira peregrine ya cika biranen New York da Landan yana cin tantabaru, kuma idan ya sulalo daga sama gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa ɗaya. Maganin ƙwari na DDT ya kusa ƙarar da shi a Amurka, har aka hana amfani da maganin a 1972, sannan a 1999 aka cire shi daga jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa.

Na biyun kuwa gajeren fiffike gare shi da doguwar wutsiya. Laɓewa yake yi a bishiyoyin lambu, ya afka wa gwara ba zato, ya kashe ta da farata. Binciken ƙwayoyin halitta na 2008 ma ya nuna cewa falcon ya fi kusa da aku a kan hawk.

Saboda haka nake ganin a sa musu suna daga yadda suke farauta: falcon ya zama shahon sarari, hawk ya zama shahon kwanto. Ban yarda a ari shirwa ba, domin ita tsuntsuwa ce daban da kowa ya san ta. Haka nan ban gamsu da shaho matafiyi a matsayin peregrine ba, duk da cewa ma'anar sunan ke nan a Latin, domin na birni da yawa ba sa barin benensu duk shekara.

Wanda ya rage shi ne kestrel, ƙaramin shahon sararin nan da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike, idonsa a kan ɓera. Ni shaho mai tsayuwa na zaɓa masa, sai dai in wani ya ji sunansa na asali a bakin dattawa, ya kawo mana mu ɗauka.