Shekara uku ina shan tiramadol saboda ciwon baya, yanzu an ce in koyi bin numfashina

Tela daga Fagge:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 19 a kan keke. Ciwon baya ya kama ni daga ƙugu, yana sauka har cinyar hagu. Da aka yi hoto aka ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zame. Likita ya rubuta min tiramadol mai 50. Da farko guda ɗaya nake sha da daddare, yanzu sai uku a rana, in ɗinkin sallah ya taso har huɗu. Ranar da ban sha ba sai zufa, hamma, da faɗa da yaran shago ba gaira ba dalili. Wannan ya fi ciwon ba ni tsoro, don ina ganin yadda ƙwaya ta mayar da samarin layinmu.

Makon jiya mai gasa min bayan ta ce in riƙa zama minti 10 safe da yamma, hankalina na kan shigar numfashi da fitarsa, in ciwon ya motsa kada in ɗaure jiki, in lura da shi kawai. Wallahi raina ya ɓaci, ji na yi kamar tana cewa ciwon ƙirƙirarsa nake. Wani kuma ya ce min ibadar mabiya Buddha ce. Akwai wanda ya gwada?

Ma'aikaciyar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ba ta ƙaryata ka ba. Ciwon da ya daɗe yana sa jijiyoyi su yi saurin firgita, tsoro da rashin barci su ƙara hura shi, naman bayan ya ɗaure, ciwon ya ƙaru. Wannan da'irar ce zaman tattara hankali kan numfashi yake neman katsewa. Faifan ba zai koma wurinsa ba saboda numfashi, amma wahalar tana raguwa.

A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta sa shi cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon baya, tare da motsa jiki. A 2025 kuma aka fitar da binciken mutum 770 masu ciwon baya da ke shan irin waɗannan magunguna. Bayan shekara guda, waɗanda suka koyi tattara hankali sun samu sauƙin ciwo, yawan maganin da suke sha ma ya ragu. Sauƙin ba mai yawa ba ne, kuma sun yi mako takwas ana koya musu.

Roƙona ɗaya: kada ka yanke tiramadol rana ɗaya. Gaya wa likitanka gaskiyar guda nawa kake sha, shi zai tsara ragewar a hankali. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ka tafi Asibitin Ƙashi na Dala a ranar.

Baba mai shadda, Kantin Kwari:
Ɗana, maganar asali gaskiya ce, daga wurin mabiya Buddha aka ɗauko. Jon Kabat-Zinn ne ya mayar da shi aikin asibiti a Amurka a 1979, babu addu'a ko kiran sunan kowa a ciki. Ni ma sai da na tambayi malamina kafin na fara, kai ma ka tambayi naka. Bayan sallar asuba nake yi, a kan kujera, don zaman ƙasa yana tayar min da ciwon. Makon farko hankalina na wajen bashin da nake bin mutane, na ce aikin banza ne. Sai a wata na biyu na lura ina kai la'asar a shago ban laluba aljihu neman ƙwaya ba. Ciwon yana nan, da sanyin hunturu ma yakan kwantar da ni.

Ɗan adaidaita, Kurna:
Ni dai na gwada ban jure ba, mai neman balas ina ya ga natsuwa. Amma Oga, don Allah in naka ya ƙare kada ka sayi mai 225 na bakin tasha. Abokina a kan idona ya faɗi yana farfaɗiya.

Tela daga Fagge:
Na gode ƙwarai. Hajiya, gaskiya guda biyu likita ya sani, ban taɓa gaya masa ina kai huɗu ba, kunya nake ji. Alhamis nake da ganinsa, zan faɗa masa. Baba, kujerar da kake zama a kai mai jingina ce ko benci?