Baje kolin duniya na New York a 1964: ina kuɗin suka shige?

MaiTambaya: Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya ɗaure mini kai. Baje kolin da aka yi a filin Flushing Meadows da ke unguwar Queens ta birnin New York a 1964 da 1965, sama da mutum miliyan 51 suka shiga, kowane babba yana biyan dala 2 a ƙofa. Yaya aka yi taro irin wannan ya tashi da bashi?

MaiLissafi: Wa alaikumus salam. Malam, tun a takarda aka yi asarar. Robert Moses, shugaban kamfanin da ya shirya taron, ya ɗora lissafinsa a kan mutum miliyan 70, miliyan 40 daga ciki a zangon farko, wato 1964. Miliyan 27 suka zo. Ga shi an riga an ba da kwangilolin tsaro da shara da gyare-gyare daidai da wancan adadin, ko mutane sun zo ko ba su zo ba sai an biya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tikitin da aka sayar da rangwame kafin buɗewa, na kimanin dala miliyan 35. Duka aka rubuta shi a kuɗin shigar 1964, alhali tikitin yana aiki har 1965. Wato an ci kuɗin baɗi a bana. A zango na biyu mutum zai miƙa tikiti a ƙofa ya wuce, ko sisi bai shiga akwati ba. Da asiri ya tonu a farkon 1965, wasu shugabannin bankuna da ke kwamitin kuɗi suka yi murabus, aka ƙara kuɗin shiga zuwa dala 2.50.

ƊanTarihi: Gaskiya ne, amma kada a manta da rigimar BIE, hukumar da ke Paris mai ba da izinin irin wannan taro. Ƙa'idarta: kada a wuce wata shida, kada a karɓi hayar fili daga ƙasashe, kuma ƙasa ɗaya sau ɗaya a shekara goma. Seattle, wani birnin Amurka, ta riga ta yi nata a 1962. Moses ya taka duka ukun, ya kuma yi wa hukumar gatse a gaban 'yan jarida, ita kuwa ta ce wa mambobinta su ƙaurace. Gwamnatocin Birtaniya da Kanada da Tarayyar Sobiyet ba su zo ba. Kamfanoni irin su General Motors da Ford da IBM ne suka cike gurbin.

MaiLissafi: Haka ne ɗan'uwa, sai dai a ganina wannan bai kai lissafin illa ba. Rumfunan kamfanonin nan layi ake yi musu har rana ta faɗi. Masu wasannin da ake biya daban ne suka sha kashi, wasu sun rufe tun kafin zangon farko ya ƙare. Waɗanda suka ba kamfanin da ya shirya taron rance ba su samu kuɗinsu cikakke ba, dala miliyan 24 da birnin ya zuba ma ba su dawo yadda aka yi alkawari ba. Ƙwallon duniyar nan ta ƙarfe da aka gina don taron, Unisphere, mai tsayin ƙafa 140, tana nan tsaye a Queens.